Telan da ba ya cewa "dawo gobe"

Baba ya rasu yana da shekara 90 da ɗoriya, kuma da wuya ka sami gida a unguwarmu a Dambatta da ba a taɓa sa rigar da ta fito daga shagonsa ba. A wurinsa na koyi ɗinki. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ya fara sana'a tun ana ciniki da fam da sule. Da Naira ta shigo a 1973 yana kan kekensa na Singer, kuma ya sha ba mu labarin farin da aka yi a shekarun nan, lokacin da mutane suka daina kawo sabon yadi, sai faci da rage tsohuwar riga a mayar wa yaro. Bai taɓa raina faci ba har ya tsufa. Mai kawo yagaggen wando da mai kawo shadda daga Kantin Kwari layi ɗaya suke bi.

Kowa ya san sunan da teloli suka yi wajen saɓa alkawari, musamman gab da Sallah. Shi kuwa da azumi ya raba tsakiya sai ya rufe karɓar aiki. Yakan ƙirga yadin da ke cikin akwati, ya dubi yawan kekunanmu, ya cire kwanakin da ya san wani zai yi zazzaɓi ko zare zai yanke, sannan ya ce shi ke nan. Daga ranar, ko ɗan hakimi ne ya zo, sai ya tare shi da fara'a, ya ce, "Ranka ya daɗe, kai wa wane a bakin kasuwa, hannunsa yana da kyau." Mu yara abin yana ƙona mana rai, don muna kallon kuɗi suna fita da ƙafarsu. Sai da na buɗe nawa shagon na gane lissafin: wanda ka mayar wa yadinsa zai yi fushin kwana biyu ya dawo, wanda kuwa ka bar 'ya'yansa ba kayan zuwa idi, matarsa ma ba za ta manta ba.

A kan alli yake da tsanani. Ba ka isa ka ɗauki almakashi ba sai ya zo ya duba zanen, ya sake ɗora tef a kafaɗa da hannu. Ragowar yadi kuma, komai ƙanƙantarsa, a ninke shi a sa cikin aljihun rigar a mayar wa mai shi. Wasu telolin da shi suke haɗa wa 'ya'yansu kaya.

Gidansa babba ne, mata biyu, 'ya'ya da jikoki birjik, amma kwanon tuwon da ake kawo wa shago iri ɗaya ne da na cikin gida. 'Ya'yan cikinsa ma da guga da sa maɓalli suka fara kamar kowa, ba wanda aka ɗora kan keke don ɗan maigida ne. Rigimar aure da ta taso a unguwa sau da yawa a bencin ƙofar shagon take mutuwa bayan la'asar, shi yana ta ɗinkinsa, yana jefa kalma jefi-jefi.

Ni ma yanzu tsakiyar azumi nake rufewa. Bana cikin waɗanda na mayar wa yadi har da ƙanin matata, kuma har yau bai daina mita ba.