Hudar da na yi wa shaddar mutane

Wata 7 na yi a shagon ɗinki kafin maigidana ya bar ni na taka keke. A lokacin abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Ɗinki na zo koyo, amma aikina shi ne in riga kowa zuwa, in share shago, in ɗiga wa kekunan Butterfly mai, in hura gawayi a dutsen guga, sannan a aike ni Kantin Kwari. Daga baya aka ƙara mini saka maɓalli da kalmasa da guga. Almakashi kuwa ko kusa da shi ba na zuwa. Sai da na daɗe na gane dalili: ɗinki idan ya karkace ana farkewa a sake, yanka kuwa idan ya ɓaci ya ɓaci ke nan, kuma yadin ba namu ba ne.

Wannan magana ta "ba namu ba ne" ban san nauyinta ba sai a goman ƙarshe na wani azumi. Duk wanda ya san shagon tela a irin waɗannan kwanaki ya san ba a barci. Kaya jibge har bakin ƙofa, ga babu wuta, ga masu kaya suna ta sintiri. Wajen ƙarfe 2 na dare ina goge kaftanin wani dattijo, farar shadda Getzner yadi 5, sai tartsatsin gawayi ya faɗo daga hujin dutsen gugar ya sauka a gefen aljihu. Kafin in kaɗe shi ya huda. Hudar ba ta wuce ƙwayar dawa ba, amma bakinta ya yi ja, kuma a kan farar shadda ko daga nesa sai an gani. Ba wanda ya lura. Na ninke rigar yadda wurin zai shige ciki, na sa a leda, na ajiye cikin kayan da aka gama.

Sahur ɗin ranar bai shiga ba. Da muka fito daga sallar asuba na ɗauko ledar na buɗe a gabansa, na ce, "Maigida, na yi ɓarna." Ya ɗaga rigar ya duba a hasken tocila, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Ɗana, ƙuna kowane tela ya taɓa yi. Da ka bari mai ita ya gano a filin idi, da yau zamanka ya ƙare a nan." Da hantsi ya kira mai rigar, ina tsaye ina ji. "Alhaji, mun yi maka ɓarna, ka yi haƙuri." Bai ambaci yaro ba. Ya ce zai sayo wata shaddar da kuɗinsa, dattijon ya ce a'a, a faɗaɗa aikin bakin aljihu ya rufe wurin. Haka aka yi, kuma maigida ya ƙi karɓar kuɗin ɗinki.

Shekaru bayan haka, a zauren malaminmu, muka iso babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, inda aka ce masu sana'a su ne da lamunin abin da aka ba su suka keɓe da shi, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Nan take rigar nan ta faɗo mini a rai. Ashe abin da maigida ya yi ba kara ba ce kawai, hukunci ne. Kuma idan shi ne zai biya, to ni da nake aiki da sunansa ba ni da ikon ɓoye masa komai. A ganina wannan shi ne farkon abin da ke wuyan mai koyo, ya fi sammako, ya fi saurin hannu.

Sauran duk daga nan suka tsiro. Ragowar yadi, ko da rabin yadi ne, a ninke a mayar wa mai shi, ba a yi hula ko rigar ƙane da shi ba. Awo a rubuta a littafi, kada a dogara da ƙwaƙwalwa. Abin da ba ka iya ba ka ce ba ka iya ba, kada ka gwada hannu a kan kayan sallar wani.

Ba na goyon bayan ogannin da ke mayar da yaro ɗan aike shekara da shekaru, ko su tura shi ya ce wa mai kaya "ba ya nan" alhali suna bayan labule. Wanda ya koya wa yaro yi wa mutane ƙarya, shi ma wata rana zai sha ta. Biyayyar mai koyo tana da iyaka, kuma shi ma yana bin maigida bashin ilimi.

Yanzu yara 4 ke ƙarƙashina. Ran da yaro ya fara zuwa, kafin in nuna masa tsintsiya, nakan zaunar da shi tare da wanda ya kawo shi in ce masa duk abin da ya lalata ya kawo mini da hannunsa, ba duka, ba zagi. Makon jiya ƙaraminsu ya zo mini da wando ya tsaya a gabana, idonsa ya ciko, ya juya zif ya ɗinke shi a baibai. Na miƙa masa reza muka zauna muka farke tare.