Kwana uku a Timbuktu, tsakanin hubbaren waliyyai

Daga Mopti, a ƙasar Mali, muka hau jirgin ruwa, ƙarshen damina, kogin Neja ya cika ya batse. Kwana biyu muna tafe kafin mu sauka Kabara, mota ta ƙarasa da mu gari. Shingayen sojoji kuwa, tun ina ƙirgawa har na gaji.

Washegari da sassafe tafintana ya kai ni hubbaren Sidi Mahmud. Ginin laka ne da aka sake ginawa, gajere, da ƙyar zai kai ɗakin kwana. Na shafa bangon, ga shatin yatsun magina a jikin yaɓen. Da diga da gatari 'yan Ansar Dine, ƙungiyar mayaƙa masu iƙirarin jihadi, suka far masa ranar 30 ga Yuni, 2012, kwana biyu kacal bayan UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kayan tarihin garin na cikin haɗari. Wannan lissafin ne ya tsaya mini a rai. Muhawarar gini a kan kabari tsohuwa ce, malamai sun daɗe suna yin ta da littafi a hannu. Amma wanda ya jira sanarwa ta fita sannan ya ɗauki diga, ya kuma bari aka ɗauki hotonsa, da duniya yake magana. Ɓangaren da ya yaƙe su ma ba a bar shi a baya ba: ana korar mayaƙan a farkon 2013, sai ga shugaban Faransa Hollande a garin, 'yan jarida na biye da shi.

A masallacin Sidi Yahya aka nuna mini ƙofar da mutanen garin ke cewa ba za a buɗe ta ba sai tashin duniya. Mayaƙan kuwa ɓalle ta suka yi, don su ƙaryata mutane a gaban idonsu. An gyara ta a 2016, shekarar da kotun duniya ta Hague ta yanke wa Ahmad al-Faqi al-Mahdi, ɗan Ansar Dine da ya jagoranci wannan ɓarna, ɗaurin shekara 9.

Tsofaffin littattafan garin na rubutun hannu kuwa, wasu an ƙone su a Cibiyar Ahmed Baba, amma mafi yawa an sulale da su Bamako cikin akwatunan ƙarfe, wasu ta wannan kogin da na biyo.

Ana gobe zan tafi na tarar da wani dattijon magini yana kwaɓa ƙasa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, in mayaƙan sun dawo fa?"

Tafinta ya maimaita masa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaro, miƙo mini bokitin ruwan can."