Yadda Na Koyar da Salon Maganar Turanci Ta Hanyar Asalinsa

Na daɗe ina koyar da Turanci a makarantar sakandare, kuma babu abin da yake ba ɗalibai wahala kamar salon maganar Turawa, wanda ma'anarsa ba ta fitowa daga kalmomin da ke cikinsa. Hadda ba ta kai su ko'ina bayan jarrabawa, shi ya sa na koma binciken asalin kowace magana kafin in shiga aji da ita.

Abin da na fara lura da shi shi ne, da yawa daga cikinsu sana'a ce ko doka ta haife su. Ingila ƙasa ce ta matuƙan teku, kuma jiragen ruwansu na dā masu tafiya da iska suna da igiyoyi barkatai, waɗanda dole sabon ma'aikaci ya san aikin kowacce. Daga nan aka sami "learn the ropes", wato mutum ya laƙanci sabon aiki.

Wadda ta fi kama hankalin ɗalibaina ita ce "read the riot act". A shekarar 1715 majalisar Birtaniya ta kafa doka cewa idan mutum 12 ko fiye suka taru suna tarzoma, jami'i zai karanta musu sanarwa da sunan sarki, a ba su awa 1 su watse, wanda ya ƙi kuwa hukuncinsa yana iya kaiwa ga kisa. An soke dokar a Ingila a 1967, amma har yau idan uba ya yi wa ɗansa kashedi mai tsanani, sai a ce ya karanta masa ita. Tun da na ba su wannan tarihi, maganar ta zauna musu, har suna saka ta a rubutunsu daidai.

Sai dai na koyi yin taka-tsantsan, domin ba kowane labari mai daɗi ne gaskiya ba. Ana yawan cewa "raining cats and dogs", wato ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta samo asali ne daga karnuka da kyanwoyi da suke faɗowa daga rufin ciyawa idan ana ruwa, alhali babu wata hujja a kan haka. A ganina, ciyar da yaro da ƙagaggen labari ya fi barinsa ba bayani illa. Irin waɗannan nakan koyar da su ne a cikin jimloli, in tuna wa ɗalibai cewa mu ma muna cewa an ci amana ko an sha kashi, kuma ta yawan ji muka san ma'anarsu.