Yadda matsin iskar Zariya ya kusa rusa mini aikin auna gamma

Aikin kammala karatuna a fannin fiziks shi ne auna gamma ta iska, wato lambar da ke fitowa idan aka raba cp, zafin da iska ke sha idan matsinta bai canja ba, da cv, zafin da take sha idan tana kulle a mazubi. Duk wanda ya zauna ajin ilimin zafi ya san cewa kilo ɗaya na busasshiyar iska yana shan kimanin kilojul 1.005 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya idan an bar shi ya buɗe ba tare da matsinsa ya canja ba, amma 0.718 ya ishe shi idan an kulle shi a mazubin da ba ya buɗewa, kuma ratar 0.287 da ke tsakani ita ce ƙarfin da iskar ke kashewa wajen ture abin da ke kewaye da ita. Amsar da nake nema ita ce 1.40.

Na bi hanyar da Eduard Rüchardt ya fito da ita a 1929. Kwalba ce mai cin lita 10, da bututun gilashi a tsaye a bakinta, da ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 16 da nauyin giram 16.7 wadda ta cika bututun daidai. Idan aka sake ta, iskar da ke ƙasa ta matsu ta tura ta sama, ta sake faɗowa, ta yi ta hawa da sauka. Sai a auna lokacin zagaye ɗaya a saka a cikin γ = 4π²mV / (A²pT²), inda γ ita ce gamma, m nauyin ƙwallon, V girman cikin kwalbar, A faɗin filin bakin bututun, p matsin iska, T kuma lokacin zagaye ɗaya. Haɗa kayan bai ba ni wahala ba.

Abin da ya fito shi ne 1.28. Na maimaita da safe, na maimaita da yamma, lambar ba ta motsa ba. Abin da ya ƙara karkatar da ni shi ne gamma ta iskar kabon dayoksaid tana wajen 1.29, don haka zuciyata ta tafi kan cewa iskar kwalbar ce ta gurɓata, ko da hayaƙin janareta da ke bayan ɗakin gwaji ko da numfashina. Na zargi danshi, alhali muna tsakiyar hunturu, leɓe ma tsagewa yake yi saboda bushewa. Na zargi ƙurar hazo, na yi ta goge cikin bututun da auduga da sifirit, kuma a wajen wannan gugar ce bakinsa ya tsage. Irin wannan bututu ba a samunsa a kasuwa, domin dole faɗin cikinsa ya zama ɗaya daga sama har ƙasa. Kuɗin sabo daga aljihuna ya fita, na kuma zauna ina jiran isowarsa yayin da abokan karatuna ke ta buga babi na huɗu. Da sabon ya zo, 1.28 ya sake ba ni, kuma har yau idan na tuna wannan yammacin raina yana ɓaci.

Malamin da ke duba aikina ne ya ce in bar kwalbar in auna saurin sauti a ɗakin da bututun amo. A zafin digiri 30 na samu kusan mita 349 a daƙiƙa, kuma da na ninka wannan da kansa na raba da 287 sau 303, wato ratar nan ta 0.287 a jul da zafin ɗakin a ma'aunin Kelvin, sai ga 1.40. Ashe iskar ɗakin lafiyarta ƙalau. Bambancin hanyoyin biyu shi ne lissafin saurin sauti ba ya buƙatar matsin iska, na Rüchardt kuwa yana buƙata.

Dattijon da ke kula da kayan ɗakin gwajin ya karɓi takardata ya duba, ya ɗora yatsa a kan p ya ce, “Ɗana, ina ka samo wannan 1013?” Na ce, “Baba, a manhajar yanayi ta waya na gani, kuma ya yi daidai da na littafi.” Bai ce komai ba, ya kai ni gaban baromitar zaiba da ke rataye a bango. Zaibar tana tsaye a wajen milimita 705, ba 760 da ke daidai da 1013 ɗin ba.

Zariya tana sama da mita 600 daga doron teku, kuma matsin iska yana raguwa da fiye da kilofaskal ɗaya a duk hawan mita 100, saboda haka matsin da ke kanmu a nan yana wajen kilofaskal 94 ne, ba 101.3 ba, wato 1013 ɗin da na kwafo a ma'aunin hektofaskal. Masu hasashen yanayi kuwa suna gyara abin da suka auna su mayar da shi kamar a bakin teku aka ɗauka, domin a iya kwatanta gari da gari a taswira ɗaya, kuma wannan gyararriyar lamba ce yawancin manhajoji ke nunawa. Ɗalibi a Legas zai iya kwafe ta ya tsira. A Zariya kuskuren ya haura kashi 7 cikin ɗari, a Jos kuma ya kusa ninka haka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gamma kanta ba ta damu da tudu ko kwari ba. Ginin ƙwayoyin iskar ne ke yanke ta: masu zarra ɗaya irin su hiliyam da agon suna ba da 1.67, masu zarra biyu irin su naitirojin da oksijin suna ba da 1.40. Amma ƙwallon da ke cikin bututu ba gamma take aunawa ita kaɗai ba, taurin iskar take ji, wato gamma sau matsi. Duk abin da aka ƙara wa p a takarda, daga gamma ake zare shi, kuma gwajin ba zai nuna alamar komai ba, domin awon zai yi ta fitowa daidai da juna. Wannan daidaituwar ce ta sa na amince da lissafina na koma ina tuhumar gilashi.

Ga duk wanda zai yi wannan gwaji a Arewa, ya karanta baromita a cikin ɗakin a ranar da yake awo kafin ya taɓa agogo. Kada ya manta da nauyin ƙwallon, wanda ke ƙara wa iskar kwalbar kimanin kilofaskal 0.8. Ya auna kaurin ƙwallon da maikuromita a wurare da dama, domin kaurin yana shiga lissafin ninki huɗu, kuskuren kashi ɗaya ya zama huɗu. Idan kuma amsa ta kauce, ya bi lambobin da ya kwafo daga wani wuri ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗauki auduga ya nufi bututu.

Da na saka kilofaskal 94.8, tsofaffin awona da ban taɓa ko ɗaya ba suka ba da 1.38. Ragowar 0.02 na danganta ta a rahotona da zafin da ke sulalewa ta jikin kwalbar, tunda zagaye ɗaya yana cin fiye da daƙiƙa guda, lissafin kuwa ya ɗauka cewa babu zafin da ke shiga ko fita. A ranar kare aikin, a kan wannan 0.02 aka fi yi mini tambayoyi.