Godiya ga waɗanda suka tayar mana da tsohon gida

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar ɗin da ta wuce muka yi walimar tarewa a gidanmu da ke cikin birnin Zariya, bayan shekara goma sha huɗu muna zaman haya a Tudun Wada. Jama'ar da ta zo ta fi ƙarfin tabarmin da muka shimfiɗa, sai da aka aro na masallacin unguwa. Da yawa ban samu na gaisa da su yadda ya kamata ba, wasu ma sai a hoto na ga ashe sun zo. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba zan kama suna ba, domin galibin waɗanda suka fi yi mana wahala ba sa son a ambace su, amma kowa zai gane kansa.

Gidan tsoho ne, na ƙasa. Zaure, shigifa, ɗaki huɗu, rijiya a tsakar gida. Ya yi shekara shida a rufe tun da mai shi ya rasu, matarsa kuma ta koma wurin ɗanta a Kaduna. A hannun magada muka saya, cikin Nuwamba 2023, kuma godiyata ta farko ga mai unguwa take. Ranka ya daɗe, kun ƙi a biya ko kwabo sai da kowane magaji ya zo da ƙafarsa ko ya aiko wakili da takarda, har da wadda ke aure a Funtuwa. A lokacin na ga kamar ana ja mana rai. Yau da nake bin takardun mallaka a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ba tare da wani ya ɓullo da ƙorafi ba, na san abin da kuka tsare mana. Allah ya ƙara girma.

Duk wanda ke Zariya ya san halin da zukata suke ciki a shekarar 2023. Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu. Masallacin da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda muka tashi muna alfahari da shi. Wata uku bayan nan na je na ce wa dangi na sayi gidan ƙasa. Mahaifiyata ba ta ce komai ba, amma kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Yayana ya ce in kawo katafila a baje shi a sa bulo. Ban ga laifin kowa ba, ni kaina da wannan niyyar na saya.

Wanda ya sauya mini ra'ayi shi ne Baba magini, kuma a kansa zan fi daɗewa, don rabin gidan nan nasa ne.

Limamin unguwa ne ya haɗa mu. Dattijo ne da ya haura saba'in, gini gadonsa ne, uba da kaka. Ya zo da hantsi da wani guntun ƙarfe a hannu, bai tambaye ni nawa na tanada ba. Ya bi bango bango yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Ya sa aka ɗora masa tsani ya hau kan soro, ya duba bakin kowane indararo. Ya shiga zaure ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon azara. Da ya gama ya zauna a dakali ya ce, "Malam, zauren nan da ɗaki uku lafiyarsu ƙalau, za su kai jikokinka in ka raba su da ruwa. Ɗaki ɗaya kan azararsa ya ci. Amma katangar baya ta mutu." Na yi mamaki, don katangar bayan ita ce ta fi kowace kyan gani. Masu gidan sun taɓa yi mata filasta da siminti har da fenti.

Ya ja ni muka je, ya buga ta da ƙarfen, ta yi ƙara kamar ganga. Ya ce siminti ba ya kama ƙasa, rigar aro ce. Rana ta buga ya tsage, ruwa ya bi tsagar ya shiga, ya rasa ta inda zai fita. Katangar da aka yaɓe da ƙasa tana shan ruwa tana bushewa, in ta zaizaye kana gani da idonka ka gyara. Wadda aka lulluɓe da siminti kuwa daga ciki take ruɓewa, gara ta samu inuwa da laima ta yi gida, kai kana waje kana ganin fenti. Ya ce a fasa filastar a ga abin da ya rage. Ban yarda ba. Kuɗi sun yi ƙasa, na ce a bar ta sai baɗi. Bai ja da ni ba, ya ce kawai kada kowa ya riƙa kwana a gindinta.

Muka fara aiki cikin sanyin Janairu 2024. Kafin watan Fabrairu ya ƙare buhun siminti ya haura naira dubu goma, lissafin da na yi a takarda ya watse gaba ɗaya. Wani birkila da na ba kuɗin kafin alƙalami don ya yi banɗaki ya yi kwana uku ya ɓace, na yafe masa. A nan ne na ga amfanin shawarar Baba, domin da na baje gidan da yanzu fili ne da tulin yashi. Siminti sai inda ba makawa muka sa shi: banɗaki, daɓen kicin, bakin rijiya da kwata. Sauran duk ƙasa.

Azarar ɗakin da ya lalace ta ba mu wuya. Ban san giginya ta yi tsada haka ba sai da na shiga nema. Baba ya ce ba kowace ake so ba, sai ta namijin giginya da ya ƙosa, mai baƙin jiki da nauyi, wadda gara ba ta iya mata. Ya kuma nuna mini abin da ya sa ɗakunan da ba su da faɗi: azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in ta wuce kamu kaɗan, sai dai a ɗaura mata bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, irin na zaurenmu. Wani abokin aikina ne ya ji ana rushe wani tsohon gida a wata unguwa za a yi shaguna, ya bar aji ya hau mashin ya je ya tsayar da azarar kafin masu tuya su saye ta a matsayin itace. Ɗan'uwa, har kuɗin kura kai ka biya, ka ƙi faɗa mini nawa ne. Allah ya biya ka.

Sai Gwaggo. Gwaggon maiɗakina ce, tana can wani ƙauye a ƙasar Giwa, sana'arta daddawa. Da Baba ya ce yana son makuba don yaɓen waje, ban san inda zan dosa ba. Maiɗakina ta ce ai ɓawon ɗorawa ne, Gwaggo kalwar take buƙata. Da bazara ta kama, ɗorawa ta nuna, Gwaggo ta bi maƙwabtanta gida gida ta tara mana buhu shida ta aiko a motar kasuwa. Aka jiƙa a cikin duro har ruwan ya yi ja wur, aka kwaɓa ƙasa da shi aka shafe bango. Wanda ya zo walima ya ga wannan launin ja-ja mai duhu a fuskar zaure yana tambaya wane fenti ne, to aikin Gwaggo ne. Baba ya so a yi wa saman soro laso, irin wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya ce ya fi makuba daɗewa nesa ba kusa ba. Katsin ne bai samu da yawa ba, don marinar da ke aiki yanzu ƙalilan ce. Abin da aka samu zaure kawai ya isa. Wannan yana cikin abin da ke damuna har yanzu, sana'a ɗaya in ta kwanta ashe tana jan wata.

Cikin watan Agusta 2024, wani dare aka kama ruwa tun bayan Isha'i bai ɗauke ba har Asuba. Ba mu tare ba tukuna, ɗan yayata ne ke kwana a zaure yana gadin kaya. Wajen ƙarfe uku ya kira ni muryarsa na rawa ya ce, "Kawu, katangar baya ta faɗi." Abin da na fara tambaya shi ne ko akwai mutum a lungun. Babu. Ta faɗa ta waje, ta danne garken maƙwabcinmu, akuya ɗaya mai ciki ta mutu. Da gari ya waye na ga filastar a kwance falle-falle, ƙasar da ke bayanta ta zama kunu, hanyoyin gara sun cika ta. Ɗakunan da Baba ya yaɓe kuwa, ko ɗigo babu a ciki.

Laifina ne, an faɗa mini ban ji ba. Na tafi wurin maƙwabcin nan da kuɗin akuya a aljihu, ina jin nauyin haɗa ido da shi. Alhaji, kun riƙe hannuna kuka ce tun da ba rai na mutum ba ne a gode wa Allah, kuka ƙi karɓa, kuka ƙara da aiko 'ya'yanku da zana huɗu aka kewaye wurin kafin azahar don kada gida ya zauna a buɗe. Ban taɓa kwana a unguwar ba a lokacin, ba ku san halina ba. Ba ni da abin da zan saka muku da shi sai addu'a. Baba ma ya zo da yamma, ya tsaya ya duba, bai ce ai na faɗa maka ba. Cewa ya yi a bari sai kaka ta wuce.

Da hunturu ya shigo aka yi gayya. Samarin unguwa da ɗalibaina na da su fiye da ashirin suka fito ranar Lahadi biyu a jere. Suka naɗe wando suka shiga ƙasa suna takawa da ramno har ta yi danƙo, aka mulmula tubali aka jera a rana. Baba ya sa aka yi gindin katangar da dutse, mai kauri a ƙasa tana sirancewa tana hawa, kuma bai yarda a ɗora layi a kan wanda bai sha iska ba, ko da samarin na ɗokin a gama. Matan unguwa suka yi ta aiko da kunu da ɗanwake ba wanda ya roƙe su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na daɗe ina koya wa yara wannan a aji, a bana na gan shi a tsakar gidana.

Ina gode wa masu yasar rijiya, waɗanda suka fara zura fitila a igiya suka ga ba ta mutu ba kafin ɗayansu ya sauka, suka fitar da laka da tsoffin guga na shekaru. Ina gode wa ƙanena duba-gari da ya ce tsohon masai ya yi kusa da rijiya, aka cike shi aka haƙa sabo a can ƙuryar gida. Mai wayarin ya cire tsoffin wayoyin da ɓera ya gaigaye, kafinta ya ceto ƙyauren zaure da na yi zaton sai murhu. Allah ya sa albarka a sana'arku.

Tsakar gidan da muka tarar ciyawa ce har ƙugu, da kunama a ƙarƙashin kowane dutse. Wata ceɗiya ta fito a jikin bango saiwarta na tsaga shi, dole aka sare. Gangaren ƙasar kuma ya juya, ruwa na kwanciya a gindin ɗakuna, rariya ta toshe. Aka zuba marmara aka daɓe, aka karkata shi zuwa kwata. Amma lalle da zogale da lemun tsami da muka samu a gefen rijiya, maiɗakina ta hana a taɓa su. Ta ce wadda ta shuka su ta san abin da take yi.

Maiɗakina, ke kin san abin da kika yi. 'Yan kunnenki na gwal suna cikin rufin ɗakin nan, kwasar adashinki biyu suna cikin katanga, kuma watannin da albashi ke ƙarewa a wurin masu aiki ba ki taɓa bari yara sun gane ba. Inna, na gode da addu'a, na kuma gode da kuka yarda kuka kwana a ɗakin soro ranar walima. Da safe kuka ce rabonku da barci mai sanyi haka ba fanka tun gidan kakanmu. Yaya, ku da kuka ce a baje, ku ne kuka sayi kwanon rumfar kicin.

Baba ya bar mini ƙa'ida, na rubuta na manna a bayan ƙyaure: kafin ruwan farko a hau soro a share indararo a toshe tsaga, bayan kaka a duba gindin bango, in an ga hanyar gara a kankare ta a ranar a bi ta har inda ta fito. Ya ce baɗi in ƙafa ta hana shi hawa tsani, ɗansa zai zo. Baba, Allah ya ja kwana, ya sa ku ne za ku hau da kanku.

Waɗanda abinci bai kai gare su ba ranar Asabar, ku yi mana afuwa. Akwai kuloli biyu da faranti ɗaya da aka bari, suna nan a ajiye.

Hajiya mai gidan ta asali ta zo walimar daga Kaduna, jikanta na riƙe da hannunta. Ta shiga zaure ta ɗaga kai, ta wuce tsakar gida ta tsaya a wurin lallenta ta tsinki ganye ta murza a tafin hannu. Ta ce ita ta shuka shi shekarar da aka kawo ta amarya. Abu ɗaya ta roƙe ni, in riƙa sa mai gidanta a addu'a, don shi da ƙannensa suka ɗora tubalin farko. Na yi mata alkawari, ina kuma roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi gidan da ya fi wannan a Aljanna. Amin.