Kewar bakin teku

Mu da muka taso a unguwar Sabon Zango da ke Accra, babban birnin Ghana, teku bai taɓa yi mana nisa ba, domin da ƙafa muke gangarawa Chorkor, unguwar masunta da ke bakin teku, bayan an tashi daga makarantar allo, mu kama igiya tare da masunta 'yan ƙabilar Ga har a jawo taru zuwa gaɓa, sannan a sallame mu da ƙananan kifaye. Ranar Talata kuwa, da yake al'adarsu ta hana fita kamun kifi, jiragen suna jere bisa rairayi, mu kuma mu samu filin ƙwallo.

Yanzu da nake zaune a unguwar Nima ta Accra, cikin hayaniyar motoci da cunkoson gidaje, zuciyata takan tafi garin Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, da tsibiran da ke tsakiyar ruwan. Nakan raya a raina cewa ina da ɗan gida a ɗaya daga cikinsu, ga itatuwan kwakwa, ga kwalekwalen kai yara makaranta. Na san teku yana cin gaɓar Ada har ya rushe gidajen mutane, abin da ke damuna ƙwarai, amma duk da haka can nake roƙon Allah Ya ba ni wurin zama idan na ajiye aiki.