Daga Tucson Zuwa Tombstone, Bin Sawun Juyin Libarba

Da na kai wa ƙanena ziyara a birnin Tucson da ke jihar Arizona ta Amurka, ya tambaye ni wurin da nake so ya kai ni kafin hutuna ya ƙare, yana tsammanin zan ambaci babban kwazazzabon nan na Grand Canyon da kowane baƙo yake ɗokin gani. Da na ce masa Tombstone nake so, sai ya tuntsire da dariya, ya ce, “Yaya, ashe har yanzu kaboyi bai sake ka ba?” Gaskiya ya faɗa. Ina cikin yaran da suka riƙa satar jiki suna zuwa silimar Plaza ta Fagge a Kano, kuma ko da yake fim ɗin Indiya ya fi cika gida, ni na kaboyi ne ya tafi da hankalina. Ba harbin ne ya fi burge ni ba, abin da ke biyo bayansa ne: akta ya gama da bos, sai ya wulwula libarba a yatsansa kamar mazari, ya zura ta cikin kube ba tare da ya ko kalli ƙugunsa ba. Mun yi ta sassaƙa bindigogin katako muna gwadawa a lungu, ba mu taɓa iyawa ba, kuma sai bayan shekara arba'in na gane cewa namu ba su da zoben da ake saƙala yatsa a ciki.

Mun kama hanya bayan sallar asuba, ni da shi da ɗansa mai shekara goma sha biyu. Tafiyar kusan kilomita 110 ce, ana bin babbar hanya mai lamba 10 zuwa gabas har garin Benson, sannan a karya kwana zuwa kudu a kan hanya mai lamba 80. A gefen Tucson dogayen itatuwan nan masu ƙaya da ake kira saguaro sun cika tsaunuka, sun yi cirko-cirko da hannuwa a sama, suna kama da ƙyarana sai dai wasunsu sun fi ɗaki tsawo. Da muka ci gaba da hawa sai suka ɓace, aka bar mu da busasshiyar ciyawa da gajerun ƙayoyi, domin Tombstone tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,400, kuma sanyin wurin ya fi ƙarfinsu. Kafin mu kai Benson ƙanena ya nuna mini mararrabar Mescal, inda aka gina garin katako musamman domin ɗaukar finafinai. A can da kuma wani irinsa mai suna Old Tucson aka ɗauki yawancin fim ɗin 1993 da ke ɗauke da sunan Tombstone, ba a cikin garin na ainihi ba. Wannan ne ya fara sa ni shakkar abin da na taso nema.

Garin ƙarami ne, mutanensa ba su fi 1,300 da 'yan kai ba. Wani mai neman ma'adinai, Ed Schieffelin, ya gano azurfa a wurin a 1877, bayan an gargaɗe shi cewa ba abin da zai samu a wannan jeji sai dutsen kabarinsa, shi kuwa ya mayar da gargaɗin sunan mahaƙarsa, wato Tombstone, dutsen kabari ke nan da Turanci, daga baya garin ya gaji sunan. An daɗe da daina haƙar azurfar, yanzu tarihin ake sayarwa. Titin Allen, wanda shi ne zuciyar garin, an hana motoci shiga tsakiyarsa, an bar shi da ƙasa da dandamalin katako a bakin shaguna, keken doki na kai da kawo, maza sanye da malafa da dogayen baƙaƙen kwat suna kiran baƙi su zo kallon wasan harbi. Mun sayi tikiti mun kalli guda. An yi ihu, an harba harsashin da ba shi da dalma sai albarushi, an faɗi an mutu, an tashi an karɓi tafi. Ban ga juyin da ya kawo ni ba sai a ƙarshe, da wani dattijo daga cikin 'yan wasan ya yi shi sau biyu cikin ko-in-kula yana mayar da bindigarsa, kamar mai kaɗe ƙura daga riga.

Na bi shi bayan an watse. Siriri ne, gashin bakinsa ya yi fari fat, kuma da ya ji daga inda na zo da dalilin zuwana bai yi mamaki sosai ba, ya ce ya saba ganin manyan mutane daga ƙasashe masu nisa da wannan ciwo. Ya kai mu wata rumfa da aka shimfiɗa tsohon bargo a ƙasa. Abin da ya fara yi shi ne buɗe 'yar ƙofar da ke gefen libarbar, ya juya gangar da ke ɗaukar harsashi shida, ya nuna mini kowane rami fanko ne, sannan ya miƙo mini ya ce in duba da idona, domin a sana'arsu ba a karɓar bindiga bisa maganar wani. Kwaikwayon samfurin Colt na 1873 ce, ƙirar Italiya, nauyinta kusan kilo ɗaya. A allon silima kamar ba ta da nauyi, amma da ta sauka a tafin hannuna sai na ji kamar an ɗora mini taɓarya guntuwa.

Ya ɗana 'yar gudumar da ke bayanta a hankali da babban yatsa domin in ji ƙara huɗu da take yi, ƙas, ƙas, ƙas, ƙas, waɗanda masoyanta ke cewa haruffan sunan Colt ne take karantawa. Sannan ya bayyana mini abin da ya sa wannan samfuri ya dace da juyi. Kunamarta ba ta aikin komai sai an riga an ɗana gudumar da hannu, saboda haka yatsa zai iya gogar kunama sau ɗari ba abin da zai faru. Bayan haka, nauyinta ya rabu kusan daidai a wajen zoben ƙarfen da ya kewaye kunamar, baki na jan gaba, ƙota na jan baya, shi ya sa take zagaya yatsa kamar an yi ta domin haka. Mai gajeren baki, inci huɗu da kwata uku ko biyar da rabi, ta fi mai inci bakwai da rabi daɗin wulwulawa.

Koyarwar ba ta da yawan magana. Za ka saƙala manuniya cikin zoben, tsakanin gaɓa ta farko da ta biyu, ka lanƙwasa ta kaɗan kamar ƙugiya, ka saki sauran yatsu, ka bar bakin bindigar ya faɗi da nauyinsa, a daidai lokacin kuma ka ɗan zabura wuyan hannu domin ta ƙarasa zagayen ta dawo tafinka. Duk wahalar tana cikin sakin. Hannu ba ya yarda ya saki abu mai nauyi, sai ka ga yatsu sun kama ta tun tana rabin hanya, ko kuma su sake ta gaba ɗaya. Sau uku tana faɗuwa a kan bargon, a karo na huɗu kuma ƙotar ta dawo ta daki gaɓar babban yatsana har sai da na yi salati. Ɗan ƙanena, wanda aka ba shi ta roba, ya iya a gwaji na biyar, ya tsaya yana ba ni shawara: “Baffa, ƙarfi kake sawa, ka ƙyale ta ita za ta tafi da kanta.” Dattijon ya nuna mana juyi zuwa gaba da zuwa baya, da wanda ake kwantar da bindigar tana zagaya a kwance kamar faifai, da cilla ta daga hannun dama zuwa na hagu, da wanda ke ƙarewa a cikin kube. Na lura gefen manuniyarsa ya yi kanta mai kauri, irin ta hannun manomi. Ya ce a kan gado ake koya, shekara da shekaru, kuma har yanzu akwai ranar da take kuɓuce masa.

Da na tambaye shi ko mutanen garin nan na dā sun yi irin wannan, sai ya girgiza kai. Makiyayin da albashinsa bai wuce dala talatin a wata ba, bindigar kuma ta ci kusan rabin wannan kuɗi, ba zai riƙa cilla ta sama a kan duwatsu ba. Kuma tsohuwar Colt tana iya tashi idan ta faɗi a kan gudumarta, shi ya sa masu hankali suke zuba harsashi biyar su bar rami ɗaya fanko a ƙarƙashin gudumar. Wyatt Earp kansa, jarumin labaran wannan gari, tasa ta taɓa zamewa daga kube a garin Wichita a watan Janairun 1876, ta tashi, harsashin ya huda kwat ɗinsa, jaridar garin ta buga labarin. Kuben da ke rataye ƙasa-ƙasa a cinya ma, wanda muke ɗaure irinsa da igiya muna yara, a ƙarni na 20 ya yaɗu ta hanyar finafinai. Na mutanen dā yana sama a ƙugu, ya haɗiye bindigar kusan duka domin kare ta daga ƙura. Gwanintar hannu kuwa malamai ne suka koyar da ita a Hollywood, irin su Arvo Ojala, ɗan baƙi 'yan asalin Finland, wanda a shekarun 1950 ya ƙera kube mai ƙarfe a ciki yadda ganga za ta iya juyawa tun bindiga ba ta fito ba. Shi ne mutumin da ake harbewa a buɗewar shirin talabijin na Gunsmoke, wanda aka fara a 1955. Mawaƙi Sammy Davis Jr. ma ya shahara da wannan gwaninta, abin da ya ƙara nuna mini cewa ta fi kusa da rawa a kan yaƙi.

Juyi guda ne kawai yake da tushe a tsofaffin labarai, shi kuwa na yaudara ne. Dattijon ya ce in zama ɗan sanda in nemi bindigarsa. Ya miƙo mini ita a kife, ƙota na kallona, kamar mai saduda, ashe manuniyarsa na cikin zoben. Ina miƙa hannu, kafin ƙiftawar ido ƙotar ta koma tafinsa, gudumar ta ɗanu, bakin yana kallon bangon da ke gefena, domin ko fanko ba ya nuna wa mutum ita. Duk da haka sai da cikina ya kaɗa. Ana kiran wannan da juyin ɗan fashin hanya, ana kuma kiransa da sunan Curly Bill. Ɗan bindigar nan John Wesley Hardin ya rubuta a tarihin rayuwarsa cewa ya yi wa shugaban 'yan sandan garin Abilene, Wild Bill Hickok, haka a 1871, amma shi kaɗai ne shaidar kansa, masana da yawa ba su gaskata shi ba.

Daga nan muka taka zuwa ƙarshen titin, wajen tsohon gidan wasan Bird Cage da aka buɗe a Disamban 1881. A kusa da nan, lokacin wurin yana fili, shugaban 'yan sandan gari Fred White ya tare Curly Bill Brocius da daren 28 ga Oktoban 1880, bayan wasu mashaya sun yi ta harbi a sama. Ya nemi bindigarsa, bindiga ta tashi, harsashi ya sami White a mara, ya rasu bayan kwana biyu yana ɗan shekara talatin da kaɗan. Labarin baki da na fim sun ce juyin nan aka yi masa. Bayanin da aka gabatar a gaban alƙali kuwa ya nuna White ne ya kama bakin bindigar ya ja, shi da kansa kafin ya cika ya ce ba da gangan ba ne, Wyatt Earp ya ba da shaida makamanciyar wannan, aka kuma sallami Curly Bill. Na tsaya a wurin ina tunanin cewa juyin da ya fi kowane suna an raɗa masa sunan mutumin da, bisa ga dukkan alamu, bai yi shi ba a daren da ake magana. Faɗan bindiga na O.K. Corral da aka yi tsakanin su Wyatt Earp da wasu kaboyi ran 26 ga Oktoban 1881 ma, wanda garin ke ci da shi, daƙiƙa talatin ya ɗauka, mutum uku suka mutu, kuma rikicin ya taso ne a kan dokar gari da ta hana yawo da makami. Ba wanda ya sami sukunin wulwula komai.

Na zaci wannan zai rage mini sha'awa, sai ga shi bai rage ba, watakila saboda raɗaɗin da nake ji a yatsa yana tuna mini cewa abin da dattijon yake yi aiki ne na gaske, ko da tarihin da aka jingina masa ƙirƙira ne. Masu fim ɗin 1993 ma sun san haka. A wani fage Michael Biehn, wanda ya fito a matsayin Johnny Ringo, ya tsaya a mashaya ya baje gwanintarsa duka da libarba domin ya tsorata abokin gaba, sai Val Kilmer, a matsayin Doc Holliday, ya mayar masa da martani ta hanyar maimaita kowane juyi da ɗan kofin shansa na ƙarfe, mashayar ta kwashe da dariya. Shagunan titin Allen suna sayar da irin wannan kofi, kuma shi na saya, tunda ba mai hankalin da zai bi ta filin jirgi da abin da ya yi kama da bindiga.

Mun biya ta maƙabartar Boothill da ke bakin gari, inda aka binne White da mutum ukun da suka mutu a faɗan 1881, kaburbura ne na tarin duwatsu da fararen alluna. Rana ta yi sanyi lokacin da muka kama hanyar Benson. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shingen jami'an kula da iyaka, domin Meziko ba ta da nisa daga nan, ƙanena ya rage gudu, na miƙa fasfo da hannun hagu saboda manuniyar dama ta yi bororo. A kujerar baya ɗansa ya karɓe kofin, ya saƙala yatsa a hannunsa, yana ta wulwula shi har muka ga fitilun Tucson.